Agogo Uku a Bayan Ƙofa

Ranar sadakar ukun Inna aka aiko daga banki: ƙofar hazna, ɗakin ajiyarsu, ta ƙi kulluwa, kuma duk garin Gadarif Baba kaɗai ya san cikinta. Na riƙe rigarsa, ya tafi da ni.

Kaurin ƙofar ya fi tsawon hannuna, tana warin man keke. A bayanta akwai agogo uku cikin gilashi. Baba ya murɗa su da ɗan makulli, ya ce, "In ta kulle, ko mudir, shugaban bankin nan, bai isa ya buɗe ta ba, sai lokacin da na sa ya cika."

Na ce, "Baba, kabarin Inna ma akwai agogo?"

Ya shiga ɗiga wa ƙofar mai.

Yanzu fuskar Inna ta ɓace min. Agogunan nan kuwa, har yau ina jin ƙararsu.