Hular Kadet

Ina aji biyar a Setapak, can ƙasar waje inda muke zaman baƙunta, jami'an kare farar hula suka zo makarantarmu, wai tsaron ƙasa ba na soja kaɗai ba ne, yara ma su koyi ceto. Na haddace ɗaurin bandeji kaf. Da aka zo rabon hular kadet ta 'yan ceton, malamarmu ta tsallake ni ta ɗora wa Hafiz, wanda ko igiyar takalminsa gagararsa take yi.

"Ta 'yan ƙasa ce, lah," ta ce min, da "lah" ɗin nan nasu na ƙarshen magana. "Kai kwanta, kai ne mai rauni."

Ina kwance ina kallon hular, Hafiz ya naɗe min lafiyayyar ƙafa, ya bar wadda aka shafa wa jan fenti a matsayin rauni. Da gangan na ƙi gyara masa har jami'in ya ga kuskuren. Yau ga gemu ga digiri, amma nadama ba ta zo ba tukuna.