Fure Shida a Hannun Tendai

An tashi daga sujadar ɗaliban ƙasashen waje a birnin Iași, kowa ya nufi teburin shayi, sai Ilinca, 'yar garin da ke fassara mana wa'azi, ta tsaya tattara littattafan waƙa. Tendai, ɗan Zimbabwe mai kaɗa mana jita, ya zo ya tsaya a gabanta, hannu ɗaya a baya. Saura wata biyu ya gama karatun likita ya koma gida.

"'Yar'uwa Ilinca," ya ce, "na yi addu'a, na kuma gaya wa Fasto. Ki aure ni."

Ya miƙo jajayen furanni. Ta zuba musu ido, bakinta na motsi. Ashe ƙirgawa take yi.

"Shida! Ɗan'uwa Tendai, duk zamanka a garin nan ba wanda ya gaya maka? Mu nan fure biyu, huɗu, shida, gawa ake kai wa. Mai rai sai uku ko biyar."

"Ni fa shekarun da na san ki na ƙirga. Bari in mayar."

"Ka mayar wa wa?"

Ta riƙe hannunsa gam. Ta zare fure ɗaya ta soka masa a aljihun riga, ta rungume sauran biyar ɗin, idonta ya ciko.

"Ranar Lahadi ka zo gidanmu," ta ce. "Kuma don Allah, na Mama ka ƙirga da kyau. Ita ba ta da haƙurina."