Kofi Na Huɗu

Auta ta zuƙi cokali ɗaya daga kofi na huɗu, ta juya ruwan a bakinta, ta tofar. Sai ta tsaya cak, cokalin na hannunta.

Aikinta ke nan a kamfanin da ke sayen gahawa daga manoma: ɗanɗano. Ana jera kofuna a kan dogon teburi, babu sunan gona, sai lamba. Wanda harshenta ya yaba ya shiga sahun farko, a saye shi da daraja. Wanda ta kushe sai a zuba shi cikin gama-gari, kuma gonar da ta faɗo daga sahun farko da wuya ta sake hawa.

Ɓoye suna bai hana ta gane wannan ba. Ina! Da ƙamshin nan ta tashi. Gahawar Baba ce, mahaifinta.

Kakanta ne ya fara hawa tsaunin garinsu da 'yan tsirrai a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, mutane na cewa ya zare. Can sama, inda gajimare ke sauka har bakin ƙofa, sanyi ba ya barin 'ya'yan gahawa su nuna da wuri. A hankali suke tara zaƙinsu. Jajayen kawai ake tsinka, da hannu. Duk amfanin shekara ba ya cika bayan mota ɗaya, amma rububinsa ake yi har daga ƙetare. Ka kurɓa ka ji ƙamshin fure, ka haɗiye ka ji zuma a maƙogwaro, babu ɗaci ko kaɗan.

Ana cewa jar ƙasar tsaunin ce ta kawo haka. Auta ta san shanya ce. Baba da kansa yake juya 'ya'yan a kan gadajen shanya, safe, rana da yamma, bai yarda da hannun kowa ba. Ranar aurenta ma baƙi na zaune ya sulale ya je ya juya, ya dawo da ɓawo a hannun riga. Shekarar da ya karye a ƙafa, a kujera aka riƙa ɗaukarsa zuwa wurin. Inna kan ce da 'ya'yan gahawa suna magana, da sun riga Auta kiransa Baba.

To yau ga furen, ga zumar, amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu: warin fumfuna, siriri, irin na 'ya'yan da suka kwana suka wuni a jibge babu mai taɓa su.

Manaja, wanda ke tsaye a ƙarshen teburin, ya lura da fuskarta. Shi ya jera kofunan, don haka ya san na waye.

"Ki sake gwadawa, 'yar uwa," in ji shi. "Mai juna biyu bakinta yakan canza."

Cikin nata ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe. Biyu sun zube kafin wannan, kuma likita ya ja kunnen kowa: kada a bar ta ta shiga tashin hankali. Mijinta ya ɗauki maganar da zafi. Tun da ya dawo daga wata tafiyar aiki ta gaggawa a watan jiya, takalmansa duk jar laka, ya daina tsokanarta, sai lallaɓawa kamar ƙwai. Har wayarta yake riga ta ɗauka. In ta kira gida kuma Inna ce ke amsawa: Babanki yana gona, Babanki ya ɗan kwanta, kin san shi da aiki.

Ta kurkure baki, ta sa aka dama sabon kofi daga buhun, ta jira ya huce. Ta sake zuƙa, tana roƙon Allah ya sa harshenta ne ya yi ƙarya.

Warin na nan.

"Kaɗan ne fa," Manaja ya ce, yana gyara cokulan da ba su karkace ba. "In ba ke ba, wa zai ji? Bana dai a yi wa gonar uzuri."

"Uzurin me, Manaja?"

Ya kawar da kai, ya koma kan cokulansa.

Sunan gonar ke hannunta, sunan da kakanta ya hau tsauni da shi, Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsarewa. Ƙarya ɗaya za ta yi, a wuce wurin. Amma ranar da ta samu aikin nan, Baba ya riƙe kunnenta yana dariya ya ce, in tawa ta lalace ki jefar da ita, kada ki ba ni kunya.

Ta tura kofi na huɗu gefen gama-gari. Ruwan ya ɗan zuba a teburin.

Hawaye suka zubo mata. Abokan aikinta suka yi cirko-cirko, wata ta dafa ta tana cewa ki yi haƙuri, baɗi ma shekara ce, gonar za ta farfaɗo. Auta ta girgiza kai. Zuciyarta ta karye tun a cokalin farko, kuma ba don sahun farko ba.

Ta fita baranda, ta zauna a hankali a kan benci, hannu ɗaya a kan cikinta. Ta kira gida.

"Autana!" Muryar Inna ta fito da fara'ar da ta yi yawa. "Ya jikin? Babanki yanzun nan ya fita, da kin kira ɗazu..."

"Inna," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "da kuka tafi binne shi, ba wanda ya tuna ya juya masa gahawarsa?"