Waƙar Renon Gidan Fatna

Najwa ta ƙona tuwo sau uku a mako guda, na huɗun kuma ya fito kamar kunu. Saura kwana biyu Hajiya Ikilima ta iso daga Kano. Da sunan Umara za ta zo, amma kowa a gidan ya san yarinyar da ɗanta Saifuddeen ya nace sai ya aura take son gani. Ta ma riga ta faɗa a waya, maganar ta zagayo har Madina: ba za ta haɗa zuri'a da wadda ba ta da sauran Hausa a jikinta ba.

Hajiya dai ba ta yi sharri sosai ba. A unguwar Ƙurban ta Madina aka haifi Najwa, a nan aka haifi ubanta Mahmudu. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki Larabci ne ke riga fitowa. Ga shi tana son Saifuddeen, son da ya hana ta cin abinci.

Abu ɗaya take da shi na gado: waƙar renon kakarta Fatna. Da ita aka reni Mahmudu, da ita aka reni jikoki goma sha ɗaya. Tana farawa a hankali, "Yi barci Mahmudu, hanya da nisa," sai ta hau sama, ta ƙara hawa, har a tsakiya kalmomi su ƙare, tsohuwa ta lumshe ido tana kaɗa kai da ƙarfi, tana jan wani dogon sauti ta hanci, yatsunta na gudu a bayan jariri. Babu yaron da ya taɓa kai ƙarshenta ido biyu.

"Sitti, wa ya koya miki ita?" Najwa ta tambayi kakar tata.

"Wata mata."

"Min Kano?"

"Ban tambaye ta garinsu ba, ja'ira. A motar kakanki na san ta. Ga murya, ga gashi, masha Allah."

Wannan bai ba Najwa mamaki ba. Kakanta, marigayi Ɗan'inna, ya yi shekaru yana kai alhazai ziyara tsakanin Uhudu da Ƙuba, a wata tsohuwar mota da ya saya hannun wani Bature ma'aikacin mai a Yanbu. Mata nawa ne daga ƙasar Hausa suka zauna a kujerar bayan nan?

Ranar zuwan, abin ya fara da tsami. Hajiya ta kai lomar tuwo ɗaya, ta ce wannan hannun 'yar Nijar ne, kuma gaskiyarta, daga wurin masu abinci a unguwar Khalidiyya aka sayo shi. Ta yi gaisuwa mai tsawo, Najwa ta rikice ta amsa da "Alhamdulillah" sau shida a jere. Hajiya ta dubi agogo, ta fara laluben takalmi da ƙafa.

Sai jaririn yayar Najwa ya tsala kuka. Najwa ta ɗauke shi don ta sami inda za ta ɓoye fuskarta, waƙar kuma ta fito da kanta. Ta hau sama, ta ƙara hawa, ta kaɗa kai, ta ja dogon sautin nan har ƙarshe. Yaro ya yi laƙwas.

Da ta ɗago, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskar Hajiya.

"Wannan ai ta Gwarzo ce! Wallahi haka kakata take yi mana. Mu can mun yar, ku nan kun riƙe. Zo nan, 'yata."

Kafin la'asar an sa rana. Kaka Fatna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, kowa ya tausaya wa tsohuwa.

Da baƙi suka tafi, ta ja Najwa ɗaki, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta tono wani abu naɗe a ƙyalle daga ƙarƙashin turaruka.

"Tunda ita ta aurar da ke, gara ku san juna. A cikin motar muka same ta, ta maƙale shekara bakwai ta ƙi fita. Ubanki ba ya barci sai an kai ta huɗu. Kalmomin dai nawa ne, ban taɓa jin abin da take cewa ba. Bas, amma fa kada surukarki ta gani."

Najwa ta warware ƙyallen. Kaset ne na kiɗan rok, bugun 1978, a jikinsa hoton wata Baturiya mai gashi buzu-buzu, da wandon fata da kwalli har kunne, ta durƙusa ta wage baki tana tsinkar jar jitar lantarki.