Takalmin Barci

Ranar da ɓera ya ciji yatsan ƙafar ɗana Mudi, yana wata huɗu a duniya, na goya shi na nufi Gidan Ceton Dabbobi neman mage. Tamu ta mutu bara. Da can maƙwabta ke ba ka 'yar mage kyauta, amma shekara goma sha biyar ke nan da kafa dokar hana maguna da karnuka haihuwa.

Baba Ɗantani mai kula da gidan ya nuna mini kejuna, duk wayam, an share su tas.

"Baba, ko tsohuwa ce ina so. Ko mai ido ɗaya."

"'Yata, ta ƙarshe ta mutu da azumi. Ba ki ga zamanin da muke kwasar 'ya'yan maguna a kwata ba, yunwa ta kashe su. Don tausayi muka hana su haihuwa." Ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya tuna a bar iri."

A hanyar gida na tsaya wurin baduku, na ce ya ɗinka wa Mudi takalmin fata mai kauri.

Ya leƙa bayana yana dariya. "Kai, maigida har ya fara tafiya?"

"A'a, na barci ne," na ce. "Ka ɗinka masa na hannu ma."