Rabin Nakiya

Injiniya ya sake auna dutsen da ya rufto ya toshe ramin ma'adinan: tsawo, faɗi, kauri. Lissafi ya ba shi kilo shida na nakiya. Ya soke, ya rubuta uku.

Shugaban ma'aikata ya leƙa takardar. "Uku ai tsagewa kawai zai yi. Sai mun kwana biyu muna fama da guduma."

"A kawo gudumar."

Mutumin ya rage murya. "Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya, amma ƙanenka da ke cikin ramin ya daina ƙwanƙwasawa tun shekaranjiya. Wa kuma kake lallaɓawa?"

Injiniya ya ci gaba da naɗe igiyar awo.

"Na sani. Inna ce ta ce in kai mata shi yadda za ta gane fuskarsa."