Cakuleti a Cikin Kunu

Aina'u ta juya cakuletin, ta miƙa wa mai kanti bayansa.

"Malam Nata'ala, karanta mini wannan ma."

Mai kantin ya saba da ita. Duk ranar kasuwar Ɗambatta, in ta gama sayar da ƙuli-ƙulinta, sai ta shigo ta tsaya wajen kayan zaƙi, ta sa shi ya karanta mata ƙananan rubutun Turancin nan da ba mai kula su. Ya gyara zaman tabarausa.

"Mai madara ne. Kalori ɗari biyu da talatin, wato ƙarfin da zai ba jiki ke nan. Maiƙo giram goma sha uku. Abin gina jiki uku kacal. Suga kuwa ashirin da huɗu, kamar ƙaramin cokali shida a ɗan wannan abin."

"Ya kai na makon jiya?"

"Ya ma fi shi."

"To, ba ni biyar."

Yana ƙulla mata a leda ya ce, "Malama, in don rama ce, wannan ba abinci ba ne. Rabinsa suga ne zalla. Ki nemi ƙwai da wake da nono, sun fi araha."

"Shi ya fi karɓa," ta ce, ta cusa ledar cikin hijabi.

Ba makaranta ce ta koya wa Aina'u cewa abinci yana da ma'auni ba. Ɗanta Jamil ne. Ana yaye shi tamowa ta kama shi, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, kukansa ya koma kamar na 'yar kyanwa. A ƙaramin asibitin yankinsu, ma'aikaciyar lafiya Ramlat ta ba ta abincin nan na niƙaƙƙiyar gyaɗa da ke zuwa a ƙananan ledoji. Ta ce kowace leda an auna abin da ke cikinta daidai da bukatar yaro, kada ta kuskura ya rasa ko guda.

Mijinta Sabo, dillalin awaki, shi ya gano cewa a tasha akwai masu sayen ledojin. Ya kwashe su a buhu. Aina'u ta durƙusa a bakin zaure ta riƙe gefen rigarsa, ya fizge ya ce su da tuwo suka girma, kuma ga su da ransu. Da la'asar ya dawo da tsire da lemon kwalba, ya zauna a inuwar darbejiya ya cinye shi kaɗai, yaron yana kallonsa daga kan tabarma. Da aka sake ba ta wasu, haka ya sake yi. Ta kai ƙara wajen yayansa, aka ce ta yi haƙuri.

Daga nan ba wanda ya sake ganin hawayenta.

Yanzu kam ba mai ɗaukar ko allura daga gidan. Mara lafiya yana hannunta ita kaɗai, ita ke zaɓar abin da zai shiga cikinsa. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Kullum safiya sai ta shanya shimfiɗarsa da ya jiƙa da fitsari. Ƙishirwa ba ta barinsa, ya sha moɗa guda ya sake laluben wata. Wani ɗan ciwo da ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi kamewa, har ya fara wari, amma ba a taɓa ganin ta toshe hanci ba.

Matan unguwa suna kafa misali da ita. Suna cewa Aina'u ta sayar da akuyarta, ta hana kanta zane, duk don kayan kanti masu tsada da take kawo masa. In sun shigo dubiya sai su sa mata albarka su fita suna share ido.

Ta sauka daga mota a bakin titi, ta bi 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gero. A ƙofar gida ta tarar da Ramlat, ta fito daga duba shi, fuskarta ba walwala.

"Yaya Aina'u, na rasa gane kan abin nan. Na ɗebi jininsa a yatsa, ya fi na wancan karon muni. Yana shan maganin?"

"Da hannuna nake ba shi."

"Abincin fa? Kina tuna abin da na faɗa miki?"

"Duk abin da kika taɓa faɗa mini a kan abinci, ban manta ko ɗaya ba."

Ramlat ta dafa kafaɗarta. "In aka ci gaba a haka, ba zai ga girbi ba. Allah ya saka miki, kin yi iya yinki."

Da ta tafi, Aina'u ta hura wuta ta dama kunu. Ta ɓare cakuleti biyu ta jefa a kwano, ta yi ta juyawa da ludayi har suka narke, kunun ya yi duhu ya yi kauri. Ta jefa takardun cikin murhu, ta tsaya sai da suka zama toka.

Ɗakin shiru, sai numfashinsa. Ta zauna a bakin gado, ta tallafo kansa a hankali ta ɗora a cinyarta, ta hura cokalin farko don kada ya ƙona shi.

"Shanye duka, Malam. Na masu ciwon suga ne, daga asibiti aka bayar," ta ce. Sabo, wanda ciwon ya riga ya cinye masa idanu, ya buɗe baki yana gode mata, a kan gadon da Jamil ya rasu bara da damina.